Santsi da Taɓo daga Guangzhou zuwa Kano: idan jam'iyya ta tsage, wa ke kwasar ganima?

Bayan daren Talata 4 ga Nuwamba 2025 da aka sanar cewa Zohran Mamdani ya lashe kujerar magajin garin New York, hotonsa ya yi ta yawo a wayoyin mutanenmu, na gida da na waje. Dalilin murnar a fili yake. Matashi ne ɗan shekara 34 a lokacin, Musulmi, haifaffen Kampala ta ƙasar Uganda, kuma ya kayar da Andrew Cuomo, tsohon gwamna ɗan tsohon gwamna, har sau biyu cikin shekara guda: a zaɓen fid da gwani na watan Yuni, da kuma babban zaɓe.

Sai dai akwai ɓangaren labarin da masu turo hotunan ba su cika kula da shi ba. A wannan daren dai, jam'iyyar Democrat ta ci kujerar gwamna a jihohin Virginia da New Jersey, kuma matan biyu da suka ci, Abigail Spanberger da Mikie Sherrill, ba 'yan layin Mamdani ba ne. Ɗaya tsohuwar jami'ar leƙen asiri ce ta CIA, ɗayar kuma ta tuƙa jirgi mai saukar ungulu a rundunar sojan ruwa. Mamdani ya yi alƙawarin motar bas kyauta, da hana ƙarin kuɗin haya a wasu rukunin gidaje, da kantunan abinci mallakar hukuma. Masu sassaucin ra'ayi na jam'iyyar suna cewa irin wannan magana a New York kaɗai za ta sayu, a sauran Amurka kuwa korar masu zaɓe za ta yi. Jagoran sanatocinsu, Chuck Schumer, har aka yi zaɓen bai fito ya ce yana bayan ɗan takarar jam'iyyarsa ba. Jam'iyya ɗaya ke nan, amma gida biyu.

To mu wannan rigima ba baƙuwa ba ce. An yi ta a nan Guangzhou kimanin shekara 100 da suka wuce, an kuma yi ta a Kano da Kaduna kimanin shekara 45 baya. A wuraren biyu, masu cewa a yi sauri da masu cewa a bi a sannu sun kasa samun inda za su zauna a raba musu gardama. A wuraren biyu kuma, wani na uku da ke tsaye a gefe ne ya kwashe abin da suka tara. Yanzu da zaɓen 2027 ke ƙaratowa, ya kamata mu waiwayi waɗannan labarai biyu.

Abin da ya faru a Guangzhou

Duk wanda ke harka a Xiaobei ya san babban ɗakin taron nan mai shuɗin rufi da ke kusa da lambun Yuexiu, wanda aka gina don tunawa da Sun Yat-sen. Shi ne jagoran jam'iyyar Kuomintang, kuma a watan Janairun 1924 ya tara babban taron jam'iyyar na farko a wannan birni. A lokacin ƙasar Sin a rarrabe take a hannun manyan sojoji, kowa da yankinsa, ga Turawa da Japan suna riƙe da tashoshin ruwa. Ƙasashen Yamma sun ƙi taimaka wa Sun, sai ya juya ga Tarayyar Soviet. Ta turo masa makamai da kuɗi da mashawarci mai suna Mikhail Borodin. Shi kuma ya yarda 'yan kwaminis, waɗanda jam'iyyarsu ba ta cika shekara uku da kafuwa ba, su shigo Kuomintang ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun rushe tasu ba.

Daga nan gida ya rabu biyu. Ɓangaren hagu, ƙarƙashin Liao Zhongkai da Wang Jingwei, suna ganin ba za a ƙwato ƙasa ba sai an tashi ma'aikata da manoma. Sun buɗe makarantar horar da masu wayar da kan manoma a 1924, wadda Mao Zedong ya shugabanta a 1926. Har yau tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa da ke layi na ɗaya tana ɗauke da sunan makarantar. Ɗaya ɓangaren, wanda Hu Hanmin ya fi fice a cikinsa, suna cewa jam'iyya da kuɗin 'yan kasuwa da masu gonaki take tafiya, idan aka tsorata su to kowa zai kwana da yunwa, kuma 'yan kwaminis cinye jam'iyyar za su yi daga ciki. Tsoron nasu ba na banza ba ne. A watan Oktoban 1924 dakarun sa-kai na 'yan kasuwar birnin sun gwabza da gwamnatin Sun, aka murƙushe su, unguwar kasuwanci ta Xiguan ta sha wuta.

Muddin Sun yana raye, kowane ɓangare yana jin kunyarsa. Ran 12 ga Maris 1925 ya rasu a Beijing, bai bar magaji ba, bai kuma bar wata hanyar warware saɓani da kowa ya yarda da ita ba. A watan Yuni sojojin Ingila da Faransa suka buɗe wuta daga tsibirin Shamian kan masu zanga-zanga, aka kashe mutum sama da 50. Yajin aikin da aka yi wa Hong Kong ya ɗauki wata 16, ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ƙarfi sosai, hankalin masu dukiya ya ƙara tashi. Ran 20 ga Agusta 1925, 'yan bindiga suka harbe Liao Zhongkai a ƙofar hedikwatar jam'iyya, yana saukowa daga mota.

Ku lura da abin da ya biyo baya. An kafa kwamitin mutum uku don binciken kisan: Wang Jingwei, da Janar Xu Chongzhi, da wani hafsa mai suna Chiang Kai-shek, shugaban makarantar soja ta Huangpu da aka buɗe a 1924. Zargi ya faɗa kan wani ɗan'uwan Hu Hanmin, sai aka tura Hu ɗin Rasha da sunan aiki. Ba a yi wata biyu ba aka kori Janar Xu, Chiang ya haɗiye dakarunsa. A lokacin ana yi wa Chiang kallon ɗan hagu, don ya ziyarci Mosko a 1923, ya kuma tura ɗansa karatu can. Ran 20 ga Maris 1926, bisa hujjar cewa wani jirgin ruwan yaƙi mai suna Zhongshan ya motsa ba da izini ba, ya kafa dokar soja a Guangzhou, ya kama 'yan kwaminis da ke cikin rundunarsa. Wang Jingwei ya tattara ya tafi Faransa.

Wato cikin shekara guda da rasuwar Sun, jagoran hagu ɗaya yana kabari, ɗayan yana gudun hijira, jagoran dama an tura shi waje, jam'iyya kuma ta koma hannun mai bindiga. A watan Afrilun 1927 aka fara kashe 'yan kwaminis da 'yan ƙwadago a Shanghai, bayan kwana uku aka yi a Guangzhou. A watan Disamban shekarar suka yi bore a birnin, aka murƙushe shi cikin kwana uku, dubban mutane suka mutu. Lambun shahidai da ke layi na ɗaya don su aka yi shi. Yaƙin basasar da ya fara a nan, ana yi ana tsayawa, bai ƙare ba sai 1949, lokacin da Kuomintang ta rasa ƙasar gaba ɗaya ta tsallaka Taiwan. 'Yan kasuwar da suka ji tsoron yajin aiki a 1925 sun ƙare da rasa komai, ma'aikatan da suka yi yajin kuma da yawansu ba su ga 1928 ba.

Namu na gida: PRP

Yanzu mu dawo gida. Malam Aminu Kano ya fara gwagwarmaya tun zamanin NEPU da aka kafa a watan Agustan 1950. Magoya bayansa sun sha ɗauri da bulala a kotunan alƙalai na En'e, amma ba su taɓa riƙe gwamnati ba. Sai a 1979, ƙarƙashin PRP, suka ci jihohi biyu: Muhammadu Abubakar Rimi a Kano, wadda a lokacin ta haɗa da Jigawa ta yau, da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna, wadda ta haɗa da Katsina. Suna hawa suka soke haraji da jangali, abin da talaka ya shekara da shekaru yana kuka da shi. A Kano aka kafa hukumar yaƙi da jahilci, aka fara ba ma'aikata hutun 1 ga Mayu a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu.

Ba a ci shekara ba aka fara jin kan juna. Gwamnonin biyu sun shiga zama da gwamnonin UPN biyar na Cif Obafemi Awolowo da na GNPP biyu, ana kiransu gwamnoni tara masu ra'ayin ci gaba. Hujjarsu ita ce NPN ta Shehu Shagari jam'iyyar masu hannu da shuni ce da sarakuna, kuma PRP ita kaɗai ba za ta iya da ita ba. Uwar jam'iyya, da Malam da babban sakatare S.G. Ikoku, ta ce a'a. A ganinsu wannan taro tsani ne kawai Awolowo yake nema ya hau, kuma ƙaramar jam'iyya mai jiha biyu gara ta lallaɓa da gwamnatin tarayya ta tsira da abin da ta samu. Gwamnonin suka ce ai wannan lallaɓawar ita ce sayar da akida ga NPN. Aka hana su zuwa taron, suka je, aka kore su a 1980.

Mutanen Kano, da ba a raba su da laƙabi, suka raɗa wa ɓangarorin suna. Waɗanda suka zame daga hannun Malam su ne 'yan Santsi, waɗanda suka kafe tare da shi su ne 'yan Taɓo. Santsi suka ɗauko tsohon ɗan ƙwadagon nan Michael Imoudu, jagoran yajin aikin 1945, suka ce shi ne shugaban PRP ta gaskiya, ga malaman jami'a irin su Dakta Yusufu Bala Usman da Dakta Bala Muhammad a tare da su. Hukumar zaɓe ta FEDECO kuwa ta ce ita ɓangaren Malam ta sani. Dattawanmu suna ba da labarin yadda abin ya shiga gidaje: wa da ƙane ba sa ga-maciji, majalisar unguwa ta rabu biyu, mawaƙa da 'yan banga kowa da nasa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Kaduna NPN ce ke da rinjaye a majalisar dokoki, ta ƙi amincewa da kwamishinonin Balarabe Musa tun daga farko, har ya sauka bai kafa majalisar zartarwa ba. Ran 23 ga Yuni 1981 suka tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a tarihin Nijeriya. A lokacin da ya fi buƙatar jam'iyya a bayansa, jam'iyyar ta riga ta kore shi. Bayan kwana 17, ran 10 ga Yuli, tarzoma ta ɓarke a Kano saboda takardar tuhuma da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero. Aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa, a gidansa. Kamar Liao Zhongkai, shi ma mai tunanin ɓangaren sauyi ne, kuma shi aka fara rasawa.

Malam ya rasu ran 17 ga Afrilu 1983, ana shirin zaɓe. Rimi ya ajiye mulki ya koma NPP ta Dakta Nnamdi Azikiwe don ya sami tikitin takara, Sabo Bakin Zuwo na Taɓo ya kayar da shi. Kaduna kuwa ta tafi hannun NPN, Lawal Kaita ya zama gwamna. Taɓo sun ci Kano, amma wata uku kacal suka yi. Ran 31 ga Disamba 1983 sojoji suka karɓe mulki, kotunansu suka ɗaure Rimi, suka ɗaure Bakin Zuwo, ba su tambayi wane ne Santsi wane ne Taɓo ba. PRP tana nan a rajistar hukumar zaɓe har gobe, amma tun daga lokacin ba ta sake cin kujerar gwamna ba.

'Yan'uwanmu na Nijar ma sun ga irin wannan. A 1950, da uwar ƙungiyar RDA ta yanke hulɗa da jam'iyyar kwaminis ta Faransa, Hamani Diori ya bi, Djibo Bakary ya ƙi, suka raba gari. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Bakary da Sawaba suka ce a karɓi 'yanci nan take, Diori ya ce a zauna da Faransa tukuna. Gwamnatin mulkin mallaka ta sa nauyinta a ɓangaren Diori, a 1959 aka haramta Sawaba. Faransa ta ci gaba da riƙe abin da take so, a 1974 kuma sojojin Seyni Kountché suka kawar da Diori.

Abin da labaran suka haɗa

Idan aka jera su, abu uku ne ke fitowa. Na farko, ba a kan inda za a je ake faɗan ba. Liao da Hu duk suna son ƙasar Sin ta haɗe ta kori 'yan mulkin mallaka. Rimi da Malam duk 'yancin talaka suke nema. Gardamar a kan abu biyu take: da wane sauri za a tafi, kuma da wa za a haɗa kai. Kuma kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Masu cewa a yi sauri sun san cewa wanda yunwa ke ci ba ya jin "sannu ba ta hana zuwa". Masu cewa a bi a hankali sun san cewa sauri ya haifi nawa. A asibiti muna ganin irin wannan: likita ɗaya ya ce a shiga tiyata yau, ɗayan ya ce a ƙara wa marar lafiya jini tukuna. Duk rayuwarsa suke nema. Abin da ke cetonsa shi ne akwai zama da ake yi, a duba sakamakon gwaji, a yanke shawara, wanda ra'ayinsa bai ci ba kuma ya sa safar hannu a yi aikin da shi.

Na biyu, babban abin da jam'iyyun suka cim ma, sun cim masa ne lokacin da suke tare. Soke haraji da jangali ya samu ne da haƙurin Malam na shekara kusan 30 da kuma zafin matasan gwamnoni da suka sa hannu ba su tsaya shawara da masu sarauta ba. Cire ɗaya daga ciki, da wuya a samu. Haka rundunar da ta tashi daga Guangzhou a watan Yulin 1926 ta kama rabin ƙasar cikin 'yan watanni: hafsoshin Huangpu ne a gaba, masu wayar da kan manoma suna share musu hanya.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, jam'iyyun ba su da alƙali sai mutum ɗaya. A Guangzhou dattijon ya mutu, sai bindiga ta zama alƙali. A Kano dattijon da kansa ya zama ɓangare a rigimar, sai FEDECO da majalisar NPN suka zama alƙalai, daga ƙarshe soja. Jam'iyyar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya, komai tsarkinsa, tsawon ransa ne tsawon ranta.

A nan ne na Amurka ya bambanta. Ba wai siyasarsu ta fi tamu tsafta ba ce, kuɗi na aiki a can fiye da nan, kuma Cuomo da ya faɗi a zaɓen fid da gwani fita ya yi ya tsaya a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, har Shugaba Trump ya ce a zaɓe shi. Amma ran 24 ga Yuni an ba 'yan jam'iyya na ƙasa dama, suka jefa ƙuri'a, aka ƙirga. New York ta zaɓi mai zafi, Virginia ta tsayar da mai sanyi, ba wanda ya kori wani daga jam'iyya, kuma duka suka ci.

Ina muke yau?

Ga lissafin 2023. Bola Tinubu ya ci da ƙuri'a miliyan 8.79. Atiku Abubakar ya sami miliyan 6.98, Peter Obi miliyan 6.10, Rabi'u Musa Kwankwaso kusan miliyan 1.5. Waɗannan ukun duk 'yan PDP ne a zaɓen 2019, Obi ma shi ne mataimakin Atiku. Idan aka haɗa nasu ya haura miliyan 14. Kwankwaso ya fita a watan Maris 2022, Obi ya fita a watan Mayu ana gab da zaɓen fid da gwani, gwamnoni biyar ƙarƙashin Nyesom Wike suka zauna a ciki suna yaƙar ɗan takararsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma kada mu yi wa 'yan Santsi da Taɓo rashin adalci mu haɗa su da wannan. Su a kan akida suka rabu. Na yanzu fa? Tinubu da Atiku da Obi duk sun yi alƙawarin cire tallafin man fetur a yaƙin neman zaɓe. Da aka cire ran 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024. Ɗan kasuwar da ke zuwa Sanyuanli sayen kaya ya san abin da wannan ya yi wa jarinsa, wanda yake cika kwantena shi kaɗai yanzu sai an yi karo-karo. A gida hauhawar farashi ta kusa kashi 35 cikin 100 a ƙarshen 2024. A Katsina, ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara sama da 600 ne suka mutu da tamowa a cibiyoyinta cikin wata shidan farko na 2025. To a cikin wace jam'iyya aka ji wani ɓangare ya tashi ya ce wannan saurin ya yi yawa, ko kuwa a kare talaka kafin a cire? Matasan da suka fito a watan Agustan 2024 a Kano da Kaduna da sauran garuruwa ba su sami jam'iyyar da za ta ɗauki kukansu ta mai da shi manufa ba. Ƙarshenta yara ƙanana muka gani suna faɗuwa a gaban kotu a Abuja ran 1 ga Nuwamba, kafin a sake su.

Haɗakar da aka ƙaddamar a ADC a watan Yulin 2025, da David Mark a matsayin shugaba da Rauf Aregbesola sakatare, ta tara Atiku da Nasir El-Rufa'i da Rotimi Amaechi, ga Obi a lokacin yana zama da su. A cikinta akwai matasa masu son a rushe tsohon salo gaba ɗaya, akwai kuma dattawan da su ne tsohon salon. Wannan ba aibi ba ne, kowace babbar jam'iyya haka take. Abin tambaya shi ne ranar da za a fid da ɗan takara, wa zai yanke? A lokacin da take aiki, dokar zaɓe ta 2022 ta ba da hanya uku: 'yar tinƙe da kowane ɗan jam'iyya zai yi zaɓe, ko ta wakilai, ko maslaha. Mun san yadda ake sayen daliget, mun kuma san maslaha sau da yawa sunan da ake ba umarnin mutum ɗaya ne. Idan aka bi ɗayan biyun nan, wanda aka kayar ba zai yarda an kayar da shi ba, kuma 2023 za a maimaita.

A Kano ma, a ƙarshen 2024 aka fara jin kiran "Abba tsaya da ƙafarka" a cikin NNPP, ko da yake a lokacin Gwamna Abba Kabir Yusuf ya fito ya jaddada biyayyarsa ga Kwankwaso. Fasalin dai irin na 1980 ne: gwamna riƙe da baitulmali, jagora riƙe da jama'a, babu wani zaure a tsakani da zai iya ce wa ɗayansu ka yi kuskure. Haka aka yi tsakanin Kwankwaso da Abdullahi Ganduje daga 2016. Ga rikicin masarauta da ya sake tasowa tun watan Mayun 2024, ga jam'iyya mai mulkin tarayya a lokacin a gefe tana kallo. Wanda ya san 1981 ba sai an yi masa fassara ba. Bambancin kawai, Rimi da Malam za su iya faɗa maka a kan me suka saɓa. A na yanzu, har yau ba mu ji wata manufa ta makaranta ko asibiti ko ruwan sha da aka ce a kanta ake jayayya ba.

Abin da ya rage gare mu

Mu mazauna waje doka ba ta ba mu damar jefa ƙuri'a daga inda muke ba. Amma 'yan Nijeriya na aika kimanin dala biliyan 20 gida duk shekara, kuma a gidaje da yawa maganar mai aiko kuɗin cefane tana da nauyi ranar zaɓe. Nan da 'yan watanni za a fara nemanmu: a buɗe reshen jam'iyya a Guangzhou ko Jidda ko Landan, a nemi gudummawar fosta da hula. Kafin mu sa hannu a aljihu, akwai tambayoyin da ya kamata mu yi, mu kuma koya wa ƙannenmu na gida su yi. Idan aka saɓa a jam'iyyar nan, a ina ake zama? Ɗan takara 'yan jam'iyya ne za su zaɓe shi ko a falon wani za a rubuta sunansa? Wa ke biyan kuɗin hayar ofis, mambobi ne kamar yadda 'yan NEPU ke sayen katinsu da guminsu, ko mutum ɗaya? Wanda ya faɗi ra'ayin da ya saɓa wa jagora, ana sauraronsa ko korarsa ake yi da sunan cin amanar jam'iyya?

Ga matasa masu zafin son sauyi: wanda ya ce muku a bi a sannu ba lallai ne an saye shi ba, wataƙila ya ga 1983 da idonsa. Ga dattawa masu cewa a lallaɓa: yaron da ya ce ya gaji da jira ba rashin kunya yake yi ba, kwanon masara ne ya fi ƙarfin albashinsa. Jam'iyyar da ke son ta kai labari tana buƙatar su duka biyun a ɗaki ɗaya, da ƙa'idar da za ta raba su idan sun saɓa, wadda ta fi ƙarfin kowane jagora. In babu wannan, za a yi ta musayar baƙaƙen maganganu a rediyo da Facebook har ranar zaɓe, sannan a wayi gari wanda bai sa baki a gardamar ba shi ne a kan kujera.

Allah Ya jiƙan Malam da Rimi da Balarabe da Dakta Bala, Ya ba na baya basirar ɗaukar darasi.